Intanet Ɗin Gida Don Mai Buga Gem: Yadda Muka Zaɓi Namu A Wudil

Wannan makon alƙalami ya zagayo kaina, kuma na zaɓi in yi magana a kan abin da wasu za su ɗauka wasan yara ne, wato yadda mutum zai zaɓi intanet ɗin gida idan akwai mai buga gem sosai a gidan. Mu dai a gidanmu maganar ta fi ƙarfin wasa, domin ta haɗa da kuɗi, ta haɗa da tarbiyya, ta kuma haɗa da inda ƙanena yake kai dare.

Ƙanen nawa ɗalibi ne a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke nan Wudil, wadda har zuwa 2022 muke kira KUST. Yana da kai a karatu, amma Allah Ya jarrabe shi da son eFootball da Call of Duty. Da yake sabis ɗin wayarsa ba ya ɗaukar wasan a cikin ɗakinmu, sai ya koma fita gidan gem bayan sallar isha'i, wani lokacin sai sha biyu ta gota zai dawo. Abin da ya fi damun Umma shi ne irin mutanen da dare ke tarawa a irin waɗannan wurare, masu caca da masu shaye-shaye. Baba ya yi faɗa har ya gaji. Daga ƙarshe ya kira ni ya ce, "Kai da ka yi difloma a kan kwamfuta, ka duba ko akwai yadda za a kawo masa abin nan gida, idona ya riƙa ganin sa." Ya ce ba zai ba da ko sisi ba. Ni da yaron za mu haɗa, ni daga ɗan abin da nake samu a shagon buga takardu, shi kuma daga kajin da yake kiwo.

Ƙanena ya zo da tasa shawarar a shirye. Ya ga talla an rubuta megabit ɗari da wani abu, ya ce, "Yaya, wannan za mu saya, ya fi kowanne gudu." A nan muka fara saɓani, domin lambar da ake rubutawa a allon talla tana nuna yawan kayan da hanya za ta iya ɗauka ne a daƙiƙa ɗaya. Shi kuwa gem ba ya ɗaukar kaya da yawa. Awa guda ta wasa ba ta cika cin abin da bidiyon YouTube na 'yan mintuna zai ci ba. Abin da mai wasa ke buƙata shi ne saƙonsa ya je ya dawo da wuri. Idan ka danna maɓalli don ɗan wasanka ya buga ƙwallo, umarnin sai ya tafi wurin babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan, wadda ake kira saba, sannan amsa ta dawo. Wannan kai-komo ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Na ce masa ya dubi gadar Wudil. Faɗinta shi ke nuna motoci nawa za su haye a tare, amma ko an ninka faɗin sau goma, nisan da ke tsakanin Wudil da Kano yana nan yadda yake.

Nisa kuwa shi ne babbar matsalarmu a Arewa. Haske a cikin wayar faiba yana tafiyar kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku da ke haɗa Najeriya da duniya akasarinsu a Legas suke sauka: akwai MainOne da Glo-1 na 2010, da WACS na 2012, da Equiano na kamfanin Google da ya iso a 2022. Daga nan zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, zuwa da dawowa milisakan 10 ke nan. Wayar MainOne daga Legas zuwa Fotugal ta kai kilomita 7,000, ƙarin milisakan 70. Ka ga an ci 80 tun saƙon bai ƙarasa Jamus ko Ingila ba, kuma ba mu lissafa ɗan tsaikon da yake yi a kowace na'ura da ya ratsa ba. Don haka duk wanda ke Wudil yana wasa a sabar Turai, kai-komonsa zai haura 100 ko da wane kamfani yake amfani. A wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa, jinkirin milisakan 120 na nufin abokin karawarka ya riga ka ganin hoto bakwai. Shi ya sa na ce wa ƙanena ya fara duba inda sabar wasansa take, domin wasu wasannin sun kafa nasu a Afirka, wasu kuma suna barin mutum ya zaɓi yankin da ya fi kusa da shi.

Bayan wannan muka zauna muka jera abin da ke akwai. Na ɗaya shi ne faiba har cikin gida, wadda ita ce ta fi dacewa da mai gem saboda ba ta damu da cunkoson jama'a a kan ƙarfen sabis ba. Ana samun ta a wasu unguwannin birnin Kano, amma ba ta zo layinmu ba, sai muka ajiye ta gefe. Na biyu 5G. MTN ta ƙaddamar da shi a 2022 a birane bakwai har da Kano, Airtel ta biyo baya a 2023. Sai dai a ce "akwai 5G a Kano" ba ya nufin akwai shi a ƙofar gidanka da ke nesa da birni da kilomita arba'in da wani abu. Rautar 5G idan ba ta samu 5G ba komawa take 4G, ka ga ka biya kuɗin doki an ba ka jaki. Na uku Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Taurarinsa suna shawagi ne a nisan kusan kilomita 550 daga ƙasa, saɓanin tsofaffin taurarin sadarwa da ke nisan kilomita 35,786, waɗanda jinkirinsu ke kaiwa rabin daƙiƙa. Ta fuskar wasa yana da kyau, amma kayansa ɗaruruwan dubbai ne, kuɗin wata kuma ya haura naira 50,000, a jihar da mafi ƙarancin albashi yake naira 71,000. Ga shi yana jan wuta da yawa, sai an tanadi sola da batir na kirki. Kuɗin kaji da na buga takardu ba su kai nan ba. Abin da ya rage mana shi ne rautar 4G, tambayar kawai ita ce ta wane kamfani.

A nan ne na ƙi yarda da jita-jita. Kowa ka tambaya a majalisa zai rantse maka da layin da yake riƙe da shi, alhali sabis ɗin da ya yi kyau a bakin kasuwa zai iya zama ba komai a bayan gari. Gani ya kori ji. Na aro rauta mai ɗaukar kowane layi a wurin wani abokina, na sa ƙaramin data a layuka uku, na yi mako biyu ina gwadawa a ɗakin da za a yi wasan. Kullum sau uku nake gwaji: bayan asuba, bayan la'asar, da kuma tsakanin takwas zuwa sha ɗaya na dare. Ina rubuta sakamakon a bayan littafin lissafin shago.

Abu uku nake dubawa. Na farko tsawon kai-komo zuwa sabar wasan ita kanta, domin manhajar auna gudu takan zaɓi saba mafi kusa ta nuna maka lamba mai daɗi wadda ba ta da alaƙa da wasanka. Na biyu ko lambar tana tsayawa wuri ɗaya. Jinkirin da ya tsaya a 130 hannu yana sabawa da shi, amma wanda ke tsalle daga 90 zuwa 300 babu yadda za a yi da shi. Na uku ko saƙonni suna ɓacewa a hanya, wanda shi ke sa ka ga ɗan wasa ya daskare sannan ya ɓulla a wani wuri.

Layin da ya fi kowanne gudu da asuba, wanda ƙanena ya so mu saya, shi ne ya fi lalacewa da daddare. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙarfen sabis ɗaya jama'ar unguwa duka suke rabawa, kuma da dare ne kowa ke buɗe TikTok da YouTube. Ranar Juma'a ma na ga bambanci tun da hantsi, ranar da kasuwar shanu ke ci, garin ya cika da fatake da dillalai da direbobin manyan motoci, kowa da waya a kunne. Wani mai gyaran waya ya ƙara min da cewa idan jami'a da Makarantar Horar da 'Yan Sanda suna hutu sabis yakan saki, don haka wanda ya yi gwajinsa lokacin hutu kada ya yi saurin murna. Layi na biyu bai taɓa ba ni babbar lamba ba, amma da asuba da dare kusan abu ɗaya yake nunawa. Shi na zaɓa. Da gangan na ƙi faɗin sunansa, don kada wani a Gaya ko Garko ya saya saboda ni alhali ƙarfen da ke kusa da shi daban ne.

Sai batun kuɗin wata. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a watan Janairun 2025, kowa ya san data ta zama abin lissafi. Ku yi hattara da kalmar "mara iyaka". Da yawa daga irin waɗannan tsare-tsare suna da adadin da idan ka kai za a rage maka gudu, wani kullum, wani a wata, kuma ana rubuta sharaɗin ne da ƙananan baƙaƙe. Wasan kansa ba ya cinye data, sabunta shi ne ke cinyewa, domin sabuntawa ɗaya takan kai giga da yawa. Muka tsara cewa duk wata sabuntawa sai cikin dare, lokacin da hanya ta yi sauƙi.

Akwai kuma abin da ke cikin gida wanda babu ruwan kamfani. Mun ɗora rautar a saman taga ta ɓangaren da ƙarfen sabis yake, domin katangar bulo da rufin kwano suna rage ƙarfin sigina. Na'urar wasan mun haɗa ta da rauta da waya kai tsaye, abin da ya fi waifai tsayuwa nesa ba kusa ba. Idan a wayar hannu zai yi, sai ya zauna kusa ya hau zangon 5GHz, ya bar wa sauran gida na 2.4. Mun sayi ƙaramin batir na rauta, saboda idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, kafin ta sake tashi an riga an rubuta maka faɗuwa. Sannan mun gano cewa idan wani yana tura babban bidiyo a WhatsApp, jinkirin wasan yakan ninka nan take, domin hanyar fita ta fi ta shigowa ƙunci. Wannan sai da aka yi zaman sulhu. Umma tana kallon Labarina bayan magariba, ƙanwarmu tana gwajin tambayoyin JAMB da rana, ni ina tura ayyukan shago da rubuce-rubucena da safe, shi kuma daga bayan isha'i zuwa sha ɗaya.

Mun bar ɗayan layin a wayata a matsayin na ko-ta-kwana. Waɗanda suka tuna ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma har bankuna suka rikice, sun san cewa ba duk kamfanoni abin ya taɓa daidai wa daida ba.

Baba ya kafa nasa sharuɗɗan, kuma su ne suka fi nawa nauyi: ana kiran salla a ajiye, ba a sa kuɗi a kan wasa, kuma ranar da sakamakon jarrabawa ya yi ƙasa rautar za ta koma ɗakinsa. Yau wata na huɗu ke nan. Yaron yana gida da daddare, abokansa biyu su ne ma suke zuwa wurinsa, Umma ta san iyayensu. Har yanzu idan ya haɗu da ɗan Turai a wasa yakan sha kashi ya fito tsakar gida yana mita, in ce masa wannan kam sai ya yi haƙuri, ba mu muka ajiye Legas a inda take ba. Kuɗin watan kuma yana yi mana nauyi, akwai watan da sai da aka sayar da zakara biyu kafin a cika. Duk da haka, da aka tambayi Umma ko a daina, cewa ta yi a sayar da na uku.

Wanda ke son bin wannan hanya, shawarata ita ce ya ari rauta kafin ya saya, ya gwada a ɗakinsa a lokacin da zai riƙa wasa, ya haɗa da ranar kasuwar garinsu, ya karanta ƙananan baƙaƙen da ke ƙarƙashin talla, sannan ya lissafa kuɗin shekara guda cif har da na batir. 'Yan uwa na Bichi da Rano da Haɗeja da Maraɗi, ina son jin yadda abin yake a wurarenku, musamman waɗanda faiba ta iso unguwarsu. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu ga mako mai zuwa lafiya.