Amon Hanjin Tunkiya a Birnin Utrecht

A ƙarshen watan Agusta na sauka Utrecht, tafiyar kusan rabin awa a jirgin ƙasa daga Amstadam. Gari ne na kekuna da hanyoyin ruwa, ga hasumiyar Dom mai tsayin mita 112 ana hango ta daga ko'ina. Abin da ya kawo ni shi ne bikin tsohon kiɗan Turai da garin ke shiryawa duk shekara tun 1982, kwana goma cur. Abokina da ke karatu a can ne ya matsa lallai sai na ji da kunnena.

Ashe kayan da yawancin makaɗa ke kaɗa kiɗan fitaccen makaɗi Bach da su a yau ba irin waɗanda shi ya sani ba ne. Ya rasu a 1750, bayansa kuma kaya suka yi ta sauyawa. Aka ƙara wa ƙaho maɓallai, piyano ta ture magabaciyarta hafsikod, daga baya gogen Turawa ya koma tsirkiyar ƙarfe. Sai a ƙarni na 20 wasu suka tashi tsaye neman amon asali. Ɗaya daga cikinsu, Nikolaus Harnoncourt, ya kafa ƙungiyarsa a Biyana a 1953. Shi da Gustav Leonhardt, mutumin Holan, suka shafe kusan shekara ashirin, daga 1971, suna naɗar waƙoƙin cocin Bach, wajen ɗari biyu, da tsofaffin kaya. Da farko an yi ta sukarsu, yau kuwa almajiransu sun cika duniya.

A wani tsohon coci na fara jin wannan amon na asali. Makaɗan ba su kai ashirin ba, kuma sun daɗe suna gyaran tsirkiya kafin su soma. Babu wanda ya ƙosa. Abokina ya raɗa mini cewa da hanjin tunkiya ake murɗa ta, saboda haka ɗumin jama'a da laimar ɗaki kawai sun isa su sa ta saki. Nan take na tuna mai ganga da ke kara fatarsa a wuta da damina. Sautin ma ƙasa kaɗan suke ɗaure shi, girgiza 415 a daƙiƙa maimakon 440 da aka saba.

Da suka soma, wallahi tsigar jikina ta tashi. Amon yana da ɗumi da 'yar gardi, kamar muryar dattijo mai hira. Kowane kaya ana jin maganarsa daban, babu mai danne wani. Mai babban goge ya maƙale shi tsakanin ƙafafu, babu sandar da ke tokare shi da ƙasa. Sarewar ta itace ce, numfashin mai busa yana fita tare da sautin.

Amma mai ƙaho ne ya tafi da hankalina. Ƙahonsa ba shi da maɓalli, kamar dai kakakin fada, aikin na leɓe ne da numfashi. Duk da haka ya haura sama da shi yana ta kewaya, fuskarsa ta yi jawur, mu kuma mun riƙe numfashi don kuskure kaɗan zai ɓata komai. Mai obo na gefensa, ita kuwa obo duk wanda ya ji ta ya san 'yar uwar algaita ce. Da aka gama, tafi ya ƙi ƙarewa.

Washegari na leƙa kasuwar masu ƙera kayan. Wani dattijo masassaƙi, na gaishe shi da Baba ya yi murmushi, ya nuna mini obon da ya kwaikwaya daga wadda ke gidan tarihi. Awo ya yi mata gaɓa-gaɓa, har faɗin kowace huda ya rubuta a littafi. Wannan haƙuri shi ya fi burge ni. Sana'a ce da ta mutu, suka tono ta daga tsofaffin littattafai da zane-zane, ga shi yau tana ciyar da iyalai. Ina tsaye ina tunanin ko akwai wanda ya zauna da maƙeran kakakinmu ya rubuta awonsu tun suna raye.

Mai karatu, in Allah ya kai ka Holan a irin wannan lokaci, ka ware wa Utrecht ko da yini guda. Matasan makaɗa na yin wasanni kyauta a gefen bikin, sai dai ka je da wuri don wurin zama na saurin cika.