Zink ɗin yara: kwana goma zuwa goma sha huɗu, sai a ajiye

Tun bayan kwalarar da ta ɓarke a Mubi a watan Mayun 2018, da wuya ka shiga gida a Yelwa ba ka tarar da fakitin ORS da katin ƙwayar zink a kwallar uwargida ba. Wannan ci gaba ne, mun kuma gode Allah. A da, yaro in ya fara zawo sai a ce haƙori ne, a jira. Yanzu uwa ta san ta haɗa ruwan gishiri da sukari, ta narkar da ƙwaya a cokali da nono ko ruwa mai tsafta.

Abin da ke damun mu shi ne yadda ƙwayar ta fara zama abin sha kullum. Zink na buɗe wa yaro ciki bayan ciwo, sai labari ya bazu a gidajen suna da biki cewa "maganin cin abinci" ne. Za ka ji kaka tana cewa, "Ke Hajara, ci gaba da ba shi mana, ba ki ga ya fara kumari ba?" Sai a koma kemis a ƙaro kati, wata ya zo ya wuce ana bayarwa.

To ga lissafin. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2004 ita ce miligiram 20 a rana ga yaron da ya kai wata shida, miligiram 10 ga wanda bai kai ba, na kwana 10 zuwa 14, kuma saboda zawo. Ma'aunin magani ke nan, yana da ranar farawa da ranar tsayawa. Ma'aunin yau da gobe daban yake. A 2001 masana a Amurka suka sanya iyakar da bai kamata a riƙa wucewa kullum ba, abinci da magani a haɗe: miligiram 4 ga jariri zuwa wata shida, 5 zuwa shekara ɗaya, 7 daga shekara ɗaya zuwa uku. Ke nan ƙwaya guda ta kusan ninka iyakar ɗan shekara biyu sau uku. Na mako biyu ba komai. Na wata uku kuwa, magana ta canza.

Dalili shi ne zink da sinadarin kofa hanya ɗaya suke bi a hanji. In zink ya yi yawa na tsawon lokaci, sai ya tare wa kofa hanya, alhali jiki na buƙatarsa wajen haɗa jini da ƙwayoyin da ke yaƙar cuta. Yaron da ake so ya yi ƙiba sai ya ɗashe, ya riƙa yawan laulayi, a ce masa mayu ne ko shawara. Ga kuma ruwan bitamin na kwalba da ake haɗawa da shi, wanda sau da yawa akwai zink a ciki, ba wanda ya duba takardar.

Akwai masu kuskure ta ɗaya gefen, su ma suna da yawa: zawo na tsayawa rana ta biyu sai a jefa katin bayan gado. Cika kwanakin ne ke kare yaro daga dawowar zawon na wata biyu zuwa uku. In amai ne ya hana, a ba shi bayan ya ci abinci, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya; wani gwaji a Indiya da Tanzaniya da aka buga a 2020 ya nuna miligiram 5 ko 10 ma na aiki, amai kuma ya ragu.

Sauran kwanakin shekara, tukunya ce mai aikin. Jariri kafin wata shida nono ya ishe shi. Bayan nan, garin da ke da kasuwar shanu irin ta Mubi bai kamata yaransa su rasa ɗan nama ko hanta da aka daka a kunu ba. Wake da gyaɗa ma na taimakawa, kuma geron da aka jiƙa ya kwana aka yi kamu da shi ya fi sakin zink ɗinsa ga hanjin yaro kan wanda aka niƙa a bushe.