Bayan ka wuce ƙofar filin wasa, nawa ne faranti?



Duk magidancin da ya yi niyyar kai ɗiyansa wurin wasa da Sallah, abu biyu yake lissafawa tun daga gida: kuɗɗin mota da kuɗɗin shiga. Na ukun, wato abin da za a sa a baki, shi ake bari sai an je, kuma shi ne ke cinye aljihu. A kansa nake son mu yi magana yau, don ana ta ƙorafinsa a majalisa wurin shan shayi, amma ba a cika fito da maganar fili ba.

Mu nan Adar ba mu da manyan filayen wasa irin waɗanda ake nunawa a talabijin. Abin da muka sani shi ne lilo da ƴan wasannin yara na kwanakin Sallah, sai filin kokowa idan zagayen Takobi ya zo kanmu. Kokowar nan kuwa tamu ce tun farko, don a Tawa anka yi gasar ƙasa ta fari a 1975, zamanin Seyni Kountché, shekarar da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Wanda ya ga taron Tawa Sakola a Disamban 2017 ya san yadda garin ke cika har ka rasa inda za ka aje ƙafa. Mai ɗan hali yakan ja iyali har Yamai, gidan tarihi na Boubou Hama da ke nan tun 1959, yara su ga zaki da kura da dorina, su tsaya baki buɗe gaban ƙasusuwan dabbobin dauri da anka tono a ƙasar Agadas. Ƴan kasuwarmu masu zuwa Kano wasu sun san gidan zu na Audu Bako. Irin wuraren nan akwai ƙofa, akwai tikiti, kuma da zarar ka wuce ƙofar, cinikin abinci yakan sake kama.

Ku tuna yadda muke sayen abinci a waje. Ranar Lahadi a kasuwar Tawa, sai ka tsuguna gaban mai shinkafa da wake ka ce, "Inna, zuba mini na dala arba'in." Ta zuba. Na kusa da kai ya ce na dala ɗari, da nama biyu. Shi ma ta zuba. Ba wanda ya san abin da ke aljihun wani, ba wanda ya tashi da kunya. Mai hura haka, mai dambu haka, mai balangu haka. Kai ke faɗin kuɗɗinka, ludayinta ke aunawa. In ku biyar ne a juye cikin tasa guda, kowa ya sa hannu. Mun saba da tsarin nan har ba mu ganin darajarsa, alhali shi ya sa talaka ke cin abinci a bainar jama'a da mutuncinsa.

Sallar layya ta bara waccan na kai iyali wani filin wasa na ɗan kasuwa a Yamai, ba zan kama suna ba. Mu bakwai ne: ni, mai ɗakina, ɗiyanmu huɗu, da ɗan ƙanwata. Tun da asuba ta yi dambu ta cika kula, ga soyayyen naman layya, ga gorar hura. Sai da munka yanki tikiti sannan mai gadi ya dubi kular ya ce ba a shiga da abinci. Na ce masa na yara ne. Ya ce, "Alhaji, doka ce, ba ni na sa ta ba." Munka bar masa kula da gora a bakin ƙofa.

Wajen azahar rana ta take, yara sun gaji da lilo, ƙaramar ta fara kuka. Gidan abinci guda ne tak a ciki. Yaron da ke hidima ya kawo takarda da Faransanci, abin da suke ce wa menu: ɗan salak, cinyar kaza da soyayyen dankali, kwalbar lemo. Jikka uku da rabi kowane kai, ƙananan yara jikka biyu. Na lissafa da yatsu, mu bakwai ya kama jikka ashirin da ɗaya da rabi. Abincin rana guda ke nan, kuɗɗin da a gida za su sayi geron da zai kai mu kwanaki masu yawa.

Na ce, "Samari, kawo muna uku mu raba, yaran ga ba su cinye cinya guda-guda."

Ya ce, "Baba, ba a rabawa. Duk wanda ya zauna kujera, menu guda."

Na ce to ya zubo dankali kaɗai na jikka. Ya ce babu wannan cikin tsari. Bai yi mini rashin kunya ba, gaskiya. Abin da anka gaya masa ya faɗa. Na biya na yara huɗu, ni da uwarsu da babban munka tsaya gindin dogon yaro muna kallo. Rabin salak ɗin kuwa haka anka kwashe shi, don ɗiyanmu ba su saba fara cin abinci da ɗanyen ganye ba.

Amma wanda ya tsaya mini a rai wani dattijo ne, da ganin rawaninsa ka san daga ƙauye ya taho, yana jaye da jikoki uku. Ya sa anka karanta masa takardar. Ya kwance lalitarsa ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Sannan ya juya ya ce wa yaran, "Ku taho mu tahi, abincin ga ba shi da daɗi." Yaran sun ga kazar a teburin maƙwabta, sun san ba haka ba ne.

Tsarin nan ba a Yamai anka ƙago shi ba, akwai irinsa a manyan filayen wasa na Turawa. Kamfanin Disney ya buɗe na farkonsa a Kalifoniya ta Amurka a 1955, na Fulorida a 1971, na kusa da Faris a 1992. Cikinsu akwai rumfunan da za ka tsaya ka sayi abin da kake so ka wuce, akwai kuma gidajen abinci na zama masu farashi guda. A na Fulorida akwai wani mai suna Be Our Guest, an gina shi kamar fadar sarki ta tatsuniya. A 2018 sunka mai da abincin darensa farashi guda, kashi uku a jere: abin buɗe baki, babban faranti, sai kayan zaƙi. Ana kama wuri tun da sauran kwana 60. Kuma a lissafinsu yaro daga shekara 3 zuwa 9 ne, da ya cika 10 kuɗɗin babba zai biya. Ku dubi ɗan shekara goma na gidanku, ku ce mini ko cikinsa ɗaya da na ubansa.

Mai gidan abinci yana da hujjarsa, kuma ya kamata mu ji ta. In farashi guda ne, ya san kaji nawa zai yanka, buhun dankali nawa zai saya, ba ya kwana da ragowa. Girki iri ɗaya ya fi sauri, tebur ya fi saurin tashi wani ya zauna. Kuma ba ya son mutum bakwai su tare kujeru awa biyu a kan kwalbar lemo guda ranar da ciniki ke ci. A wurinmu ƙari ma, kasuwar kwana uku ce ko huɗu a Sallah, ga haya da yake biyan mai fili, ga ƙanƙara, ga man janareta in wuta ta ɗauke. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai akwai hujja ta ƙarshe wadda ba a faɗa da baki: ya san ka riga ka biya kuɗɗin shiga, ya san kularka na bakin ƙofa, ya san yaro mai jin yunwa ba ya jiran a koma gida. Wanda ba shi da wurin zuwa ba ya taya kaya.

Kada kuma a ce ina zagin rubutaccen farashi. A filayenmu na gida ciwon da ke damunmu kishiyar wannan ne: ba a rubuta komi. Duk wanda ya taɓa zama filin kokowa tun safe har la'asar ya san yadda abin yake. Ruwan leda na dala biyar a waje, da ka shiga ya koma dala goma. Mai nama ya yanka ya barbaɗa yaji da albasa ya miƙo maka, sai ka ci rabi sannan ya faɗi kuɗɗi, kuma kuɗɗin ya danganta da shaddar da ke jikinka ko harshen da ya ji kana yi. Ɗan gari ya ci da rahusa, baƙon da ya taho daga Takanamat ko Abalak ya biya ninki. Ka yi gardama a gaban ɗiyanka kan dala ashirin, ko ka haɗiye ka biya? Yawancinmu haɗiyewa muke. A nan kam takardar Bature ta fi mu gaskiya, don aƙalla ka san abin da zai same ka kafin ka zauna. Abin da ya ɓata ta shi ne dole: faranti guda, kai guda, ba ragi, ba rabawa.

Su kansu masu tsarin ba su kafe a kansa kamar yadda masu kwaikwayonsu ke kafewa ba. Da Disney ta buɗe filin Faris a 1992, ta taho da dokarta ta Amurka cewa ba a sayar da giya a ciki. Faransawa sunka nuna ba haka suke cin abinci ba, a 1993 kamfanin ya janye dokar. Mu ba ruwanmu da giya, Allah ya tsare. Abin lura shi ne kamfani mai wannan girma ya sunkuya ya bi yadda mutanen ƙasa ke zama gaban abinci. A filinsu na Fulorida kuma an yarda iyali su shiga da abincinsu da abin shansu daga gida, in dai ba giya ba ce kuma ba a cikin kwalbar gilashi ba. To in can an bar mutum ya shiga da guzurinsa, mi ya sa za a tsare gorar hurar yaro a bakin ƙofa a ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu?

Abin da nake roƙo daga hukumar birnin Tawa, da duk mai niyyar kafa lilo ko karɓar rumfa a filin kokowa, ba shi da tsada. A kafa allo a waje, kafin wurin yankan tikiti, ba bayansa ba. A rubuta farashin ruwa, da lemo, da faranti, da tsinken tsire, da sefa da kuma dala, don dattijon da ya saba da "dala hamsin" kada 250 ta ruɗe shi. A sa Hausa da Tamajak kusa da Faransanci, a zana hoton abin ga wanda bai yi lakwal ba. In an hana shiga da abinci, a faɗa a allon nan, mutum ya yanke shawararsa kuɗɗinsa na aljihunsa. Ni dai a ganina bai kamata a hana ruwa da hura da abincin ƙananan yara ba ko kaɗan. A ware inuwa guda, a shimfiɗa tabarmi, masu guzuri su zauna can. Ko an ce su ba da dala goma na shara, za su bayar da daɗin rai.

Ga masu girki kuwa, iyayenmu mata da ke kwana gaban murhu kwanakin taro, akwai farashi guda da ya dace da mu, kuma ba na kai ba ne, na tire ne. Ƙaramin tire na mutum uku, babba na mutum shida, shinkafa da miya ko dambu, da yankan nama da aka ƙidaya, kowanne da kuɗɗinsa a rubuce. Ke kin san tiya nawa za ki auna da safe, kin san tire nawa tukunya ke fitarwa, ba ki gardama da kowa. Magidanci ya dubi allo, ya dubi ɗiyansa, ya ce a kawo ƙarami ko babba. In su bakwai ne sunka zagaye tire na mutum shida, wannan tsakaninsu ne, ke dai kuɗɗin tirenki sun cika. Ga wanda ya zo shi kaɗai kuma, a bar masa tsohon cinikinmu, ya ce, "Inna, zuba mini na dala arba'in," a zuba masa.