Gidan Mai Agogo a Harlam

Daga Amstadam, babban birnin ƙasar Holan, jirgin ƙasa ya kai mu Harlam cikin minti 20. Kusa da kasuwa da tsohuwar majami'ar garin akwai wani siririn gida. A nan dattijo Kaspa ten Bom yake gyaran agogo tare da 'ya'yansa mata, Betsi da Kori. Gidan muka zo gani.

Mu a gida in an ce yaƙin Hitila, sai mu tuna kakanninmu da aka kai Bama. A nan kuwa mun koyi wani abu mai ɗaci: ba Jamusawa kaɗai suka tsananta wa Yahudawa ba. Tun 1931 wani ɗan ƙasar, Anton Mussert, ya kafa jam'iyyar 'yan fasist mai suna NSB. A zaɓen 1935 ta sami kusan kashi 8 cikin 100 na ƙuri'u. Da fari har da Yahudawa a cikinta, amma a 1938 ta rufe musu ƙofa. Da sojan Jamus suka shigo ran 10 ga Mayu 1940, sai 'yan jam'iyyar suka sami abin da suke jira, aka yi ta ba su mulkin garuruwa. A 1942 aka tilasta wa kowane Bayahude ya ɗinka tauraro mai ruwan ɗorawa a rigarsa. A 1943 har farauta aka yi: 'yan ƙasa suna tono waɗanda suka ɓuya, ana biyansu gilda 7 da rabi a kan kowane mutum.

Mun hau matakala mai ƙunci har ɗakin Kori a can sama. Bayan gadonta aka gina bango na ƙarya. Tsakaninsa da bangon gaskiya akwai ɗan fili, faɗinsa bai kai ƙafa 3 ba. Ƙofarsa tana ƙarƙashin kabad na tufafi, sai da rarrafe ake shiga. Mun shiga mu uku, nan da nan numfashi ya yi mana wuya.

Ran 28 ga Fabrairu 1944 wani mutum ya zo wurin Kori da roƙo, wai an kama matarsa, yana neman kuɗin da zai cece ta. Ashe ɗan leƙen asiri ne, kuma ɗan Holan. A ranar aka kama mutanen gidan. Mutum 6 suna cikin ɗan filin nan, ba ruwan sha, ba wurin miƙe ƙafa, har kusan kwana 2 kafin aka fitar da su. 'Yan sanda sun bincike gidan, ba su same su ba.

Kaspa yana da shekara 84. Ya rasu bayan kwana 10. Betsi ta rasu a sansanin Rabensburuk a Jamus cikin Disamba 1944. Yahudawan Holan wajen 140,000 ne kafin yaƙi, an kashe fiye da 100,000.

Kori ita ce ta komo. A 1945 ta rubuta wa mutumin da ya bashe su takarda, ta ce ta gafarta masa saboda Yesu. A hanyarmu ta komawa tasha, wata 'yar'uwa a cikinmu ta ce ita kam da wuya hannunta ya iya rubuta wannan takarda. Ba wanda ya yi mata musu.