Jami'ar likitoci ta zo Azare, amma ɗan Bulkachuwa zai samu gurbi?

A Bulkachuwa, kamar sauran garuruwan ƙasar Katagum, akwai maganar da ba wanda yake son ya ji daga bakin malamin asibiti: "Wannan ya fi ƙarfinmu, sai dai ku tafi Azare." Daga nan sai neman mota, sai cikon kuɗin mai, sai a kwantar da mara lafiya a kujerar baya a hau titin da ya taso daga Potiskum. In an yi dace, a Azare za a tsaya. In ba a yi ba, a ce Kano ko Bauchi. Malamin nan ba mugunta ya yi ba. Yawanci ma'aikacin lafiya ne na matakin farko, ya iya allura da ƙarin ruwa da maganin zazzaɓin cizon sauro, jama'a kuma na kiransa likita domin shi suke gani. Amma mace mai jijjiga, ko wadda jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, ko wadda ɗa ya zo mata a gicciye, tana bukatar wanda zai shiga da ita tiyata, kuma cikin gaggawa.

Irin wannan mutumin ne ya yi ƙaranci a ƙasar nan. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda shi ma ɗan jihar Bauchi ne daga Misau, ya faɗa a watan Maris na 2024 cewa likitoci masu lasisi a Najeriya kusan 55,000 ne, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Ya ce kimanin 16,000 sun fice daga ƙasar cikin shekara biyar. Waɗanda suka rage ma ba a raba su daidai ba: wajen 7,600 suna Legas, 4,700 suna Abuja. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa a dalilin ciki da haihuwa a duniya baki ɗaya, a Najeriya suke rasuwa. Ba sai an gaya wa mutumin Arewa maso Gabas inda abin ya fi tsanani ba, ya je ta'aziyyar.

Shi ya sa murnar da aka yi a 2021 ta kai a yi ta. A shekarar ne gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare, tare da takwararta ta Ila Orangun a jihar Osun. Aka naɗa Farfesa Bala Audu, likitan mata, shugaban jami'ar Azare na farko, mutumin da a 2024 aka zaɓa shugaban Ƙungiyar Likitocin Najeriya. Ga babban asibitin tarayya a garin tun tuni, inda ɗalibai za su ga marasa lafiya da idonsu. A da, yaron da ke son likitanci daga wannan yanki sai ya kalli Zariya, wadda ta fara koyar da shi tun 1967, ko Maiduguri, ko Kano, daga baya Bauchi. Yanzu abin ya zo ƙofar gida.

To, amma kusa da gida daban, shiga daban.

Ƙofar shiga karatun likita ba a Azare take ba, tana ajin sakandare. Ana bukatar kiredit a Turanci da lissafi da kimiyyar halittu da kemistiri da fizis, sannan a zauna jarrabawar JAMB a kan huɗu daga cikinsu, a ci maki mai tsoka cikin 400. A sakamakon farko na 2025, fiye da ɗalibai miliyan 1.5 cikin kusan miliyan 2 ba su kai maki 200 ba, alhali mai neman likitanci yana bukatar ya wuce nan da nisa kafin ma a dubi takardarsa. Yanzu a ɗauki yarinya daga makarantar gwamnati ta karkara. Ta haddace sunayen sinadarai daga allo, amma ba ta taɓa ɗiga wani a cikin wani ta ga launi ya sauya ba, domin ɗakin gwajin a kulle yake, ko kuma kwalaben sun bushe. Malamin lissafi ne ke riƙe musu fizis idan ya samu sarari. Ranar jarrabawa ta zauna gaban kwamfuta, agogo na tafiya a saman allon, ita kuwa tana lalube da linzami, minti goma na farko sun tafi a koyon yadda ake wucewa tambaya ta gaba. Kanta ba ya da laifin komai. Sakamako ya fito, sai a ba ta shawarar ta canza kwas.

Masu kare tsarin za su ce ai an yi tanadi. Gaskiya ne, jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 ga mafi maki, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, kuma Bauchi na cikinsu. Sai dai tanadin jiha yake dubawa, ba ya duba makarantar da yaro ya fito. Ɗan asalin Katagum da ya tashi a Abuja ko Kaduna, ya yi makarantar kuɗi mai ɗakin gwaji da injin wuta, shi da yarinyar can takardar shaidar ƙaramar hukuma ɗaya suke riƙe da ita. Shi zai samu gurbin, kuma bai zalunci kowa ba, ya ci jarrabawarsa. Tambayar ita ce ko bayan ya gama zai yarda ya zauna a garin da bai taɓa kwana bakwai a jere a cikinsa ba.

Akwai kuma iyakar da hukumar kula da aikin likitoci, MDCN, take sa wa kowace makaranta, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. A ƙarshen 2023 gwamnati ta sanar da ninka adadin ɗaliban da za a riƙa ɗauka daga 5,000 zuwa 10,000 a shekara. Mataki ne mai kyau, amma likita ba a lacca kawai ake yinsa ba. A bakin gado ake yinsa, babban likita ya kama hannun ɗalibi ya ɗora a cikin mai juna biyu ya ce, "Taɓa nan, kan ɗan ke nan." Manyan likitocin nan kuwa su ne ƙasashen waje suka fi zawarci. A watan Agustan 2021, ana tsakiyar yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa, ɗaruruwa suka yi layi a wani otal a Abuja domin ganawa da masu ɗaukar ma'aikata zuwa Saudiyya. A ƙara ɗalibai a bar malamai suna tafiya, ɗiban ruwa ne da kwando.

Wasu jihohi sun nemi mafita a waje. Jigawa, maƙwabciyar Katagum, ta daɗe tana tura ɗalibai, yawancinsu mata, karatun likita a Sudan, har yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya sa aka kwaso su ta kan iyakar Masar, aka shiga neman musu wasu makarantu. A watan Afrilun 2023 ɗin dai ɗan majalisar wakilai Ganiyu Johnson ya kawo ƙudirin hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a gida. Likitoci suka yi masa ca, kuma suna da hujja: wanda ke kwana yana aiki da fitilar waya, albashi bai kai shi ƙarshen wata, ba doka ce za ta sanyaya masa zuciya ba. Ko da ma an hana shi zuwa Ingila, ba a hana shi barin asibitin jiha ya koma na tarayya, ko ya bar ƙauye ya koma birni. Wannan ƙaurar ta cikin gida ita ta fi taɓa Bulkachuwa, ita ce kuma aka fi yin shiru a kanta.

Abin da aka gwada ya yi aiki ba ɓoyayye ba ne. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawarar su riƙa ɗaukar ɗaliban da suka tashi a karkara da gangan, domin bincike ya nuna su suka fi komawa su zauna. Tailan ta fara haka tun tsakiyar shekarun 1990: a zaɓo yaro daga lardinsa, a horar da shi a asibitin yankin, ya koma can ya yi aiki. Ba sai an je nesa ba ma. Shirin Women for Health da ya gudana daga 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Yobe da Zamfara ya riƙa ɗauko 'yan matan karkara da matan aure, da yardar iyaye da mazaje da masu gari, a ba su karatun share fage na kimiyya da Turanci har su cika sharuɗɗan shiga makarantun jinya da ungozoma, bisa alkawarin za su dawo su yi wa garinsu aiki. Ba a sassauta musu jarrabawa ba, shirya su aka yi.

Babu abin da zai hana a yi wa likitanci irin wannan a Bauchi ta Arewa. Ƙananan hukumomi bakwai ne: Katagum, Shira, Giade, Gamawa, Zaki, Itas/Gadau da Jama'are. Kowace za ta iya tsamo haziƙai kaɗan daga makarantun gwamnati, a tara su shekara guda a Azare, inda kwalejin ilimi ta Aminu Saleh take da malaman kimiyya, ga kuma jami'ar jiha a Gadau. A fifita 'yan mata, domin kowa ya san magidancin da zai yi ta jan ƙafa idan namiji ne zai duba iyalinsa, amma ya kawo ta da wuri idan mace ce. Wanda ya samu gurbi jiha ta ɗauki nauyinsa, shi kuma ya sa hannu zai yi wasu shekaru a asibitin yankinsa, a kuma tanadar masa gida da ruwa da wuta da ɗakin tiyata mai aiki, domin alkawari ta fuska biyu ake cika shi.

Lissafin lokaci ma ya isa ya tayar da hankali. Ɗaliban likitanci na farko na jami'ar Azare ba za su fito ba kafin 2028. Yaron da ya shiga aji huɗu na sakandare a bana yana da shekara uku a nan, shida a jami'a, ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, ɗaya ta bautar ƙasa: goma sha ɗaya ke nan, idan yajin aiki bai ci wasu ba. Duk farkon shekara 'yan siyasa da masu hannu da shuni na yankin sukan saya wa matasa fom ɗin JAMB, a ɗauki hoto a sa a Facebook, kuma Allah ya saka musu. Amma da ƙungiyoyin ci gaban gari da tsofaffin ɗalibai za su karkatar da rabin kuɗin nan, zai biya malamin fizis da na kemistiri na tsawon zango, ya sayi sinadaran gwaji, ya ajiye kwamfuta goma da farantin sola a babbar sakandaren gari, yara su fara taɓa ta tun daga aji huɗu.