Ranar da na shiga makarantar 'yata

Shekarata ashirin da biyu a Salaga, amma ban taɓa taka harabar makarantar da 'ya'yana ke zuwa ba sai bara. Da kunya nake faɗa. Na san farashin doya a Kumasi kowane mako, na san lokacin da jirgin fito ke tashi daga Makango zuwa Yeji, amma ajin da 'yata ke zama ban san ko yana da ƙofa ba.

Uwargida ce ta tura ni. Wani dare ta ce, "Alhaji, ka lura duk wata yarinyar nan sai ta yi kwana huɗu ko biyar ba ta je sukul ba?" A nan Gana idan an ce makaranta ta allo ake nufi, ta boko ita ce sukul. Na ce ƙiwa ce, zan yi mata faɗa. Ta ce ba ƙiwa ba ce, in je in gani da idona. Yarinyar tana aji biyu na JHS lokacin, saura shekara guda ta zauna jarrabawar BECE, wadda da ita ake shiga babbar sakandare.

Na je. Azuzuwa uku ne a jere, iskar farkon damina ta yaye kwanon ɗaya daga kusurwa, yara uku-uku a bencin mutum biyu. Wannan bai ba ni mamaki ba. Sai na tambayi hedimasta ina bayan gida. Ya zagaya da ni bayan gini, ya nuna mini rami ɗaya da aka kewaye da tsohon kwano, ba ƙofa, maza da mata duk nan. Ruwa kuwa sai wanda yaro ya ɗauko a galan daga gida. Salaga garin rijiyoyi ne tun zamanin fataken goro, amma da rani kowa ya san wahalar ruwansa. A nan tsaye na gane abin da uwargida ta ji nauyin faɗa mini. Yarinya ta girma, kwanakinta na wata idan sun zo, ina za ta shiga?

Na fara faɗa, na ce ina gwamnati. Hedimasta ya bari na gama, sannan ya zaunar da ni ya warware mini yadda abin yake. Malamai na hukumar ilimi ta ƙasa ne, wadda ke da ofishi a kowace gunduma. Gini kuwa galibi aikin majalisar gunduma ne, ko na asusun GETFund da aka kafa a 2000, wanda kuɗinsa ke fitowa daga harajin kayan da ni da kai muke saya. Tun 2005 aka daina karɓar kuɗin makaranta a firamare da JHS, gwamnati ke aiko da ɗan wani abu a kan kowane yaro, na alli da rajista da ƙananan gyare-gyare. Ba ya gina komai. Kuma a ƙauyuka akwai yaran da har yau a gindin bishiya suke karatu. Idan kuɗi ya zo, makarantar cikin gari mai rufi a kanta dole ta bi layi. Gaskiya ban iya musa wannan ba.

Abin da ya ƙona ni shi ne maganarsa ta ƙarshe: "Alhaji, kowane zangon karatu muna taron iyaye. Daga unguwarku mata kaɗai muke gani."

Haka muke. Mutum ya shekara ashirin a gari yana ɗaukar kansa baƙo. Ni kaina na tura kuɗi gida Katsina an gina mini ɗakuna huɗu da ba mai kwana a ciki sai ƙadangaru. Idan aka ce a sa wa masallaci tayil, kafin la'asar kuɗi sun haɗu, kuma ban ce laifi ba ne. Amma gwamnati ta mai da babbar sakandare kyauta tun 2017, mu kuma muna barin 'ya'yanmu mata su zube tun kafin su kai bakin ƙofarta, a kan rami da ƙyaure.

Bayan sallar Juma'a na kawo maganar a majalisarmu. Wani ya ce aikin hukuma ne, ai kullum muna yankar tikiti a kasuwa. Na ce gaskiyarsa, amma 'yata ba za ta jira ba. Mu goma sha ɗaya muka yarda. Ashe ba a gini a filin makarantar gwamnati haka kawai, sai kwamitin makaranta ya rubuta takarda an amince. Ɗana ya rubuta mana tamu da Turanci, muka sa hannu. Wani ya ba da bulo, wani siminti, ni na sayi tankin roba da ƙofofi biyu masu sakata. Na mata kaɗai muka iya, maza suna nan da tsohon raminsu.

Bana yarinyar tana aji uku, kuma uwargida ta daina ƙirga mata kwanaki. Saura wa zai riƙa biyan mai motar ruwa ya cika tankin idan rani ya tsananta. Wannan za a tattauna a taron iyaye ranar Asabar. Ranar ce kuma lodin doyata zai ƙetare zuwa Yeji, na ce yarona ya bi motar.