Bashin da Auta Yake Bi Na

A gidanmu mu bakwai ne, ni ne babba. Lokacin da aka sa Auta a firamare ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai, don haka mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ɗora mini nauyin duba karatunsa. Bayan an ci tuwon dare sai a shimfiɗa tabarma a zaure, a kunna fitilar ƙwai, in zauna da littafi a hannun hagu, tsumagiya a hannun dama, ina jin kaina malami tun ban karɓi takardar shaida ba.

Auta yaro ne mai kaifin basira, wannan kowa ya shaida. Idan ya saurari wasan kwaikwayo a rediyo, zai maimaita shi daga farko har ƙarshe, har da muryar kowane ɗan wasa. Ya taɓa kwance agogon mahaifinmu ya mayar da shi yana aiki. Amma da zarar an buɗe masa littafi sai ya zama wani yaro dabam. Ya ga "bara" ya ce "raba", ya ga "ɗaki" ya ce "baki". Kalmar da muka sha fama da ita a layin farko, in ta sake fitowa a layi na uku sai ya tsura mata ido kamar bai taɓa ganin ta ba.

Wata rana ya karanta mini shafi guda sumul, har na fara murna. Sai na ɗora yatsa a kan wata kalma a tsakiyar shafin na ce ya faɗa mini ita. Shiru. Ashe haddace shafin ya yi da ka, daga jin 'yan ajinsu suna rerawa. Na ɗauki abin a matsayin ha'inci, na yi masa dukan da har yau ba na son tunawa. Yana kuka yana cewa, "Yaya, wallahi ina ƙoƙari, ba sa zama ne." Na ce ƙarya yake yi. A makaranta kuwa an riga an laƙaba masa sunan daƙiƙi. Daga aji biyar ya ce shi ya gama, aka kai shi gareji koyon kanikanci, muka ce ai dama boko ba rabonsa ba ne, muka rufe maganar.

Maganar ba ta sake tasowa ba sai bayan shekaru masu yawa, sa'ad da 'yata ta uku ta kai shekara takwas tana yin abin da Auta yake yi, ba ragi ba ƙari. Wani dare na ɗaga murya, sai mahaifiyarta ta leƙo ta ce, "Malam, yarinyar nan fa ba wasa take yi ba, dubi yadda gumi ya jiƙa ta." Wannan magana ce ta sa na shiga neman abin da masana suka rubuta, kuma abin da na samu shi nake so in raba da ku, 'yan'uwana marubuta.

Abin yana da suna, ana ce masa disleksiya. Wani likitan ido a Jamus, Rudolf Berlin, shi ya yaɗa sunan a rubutunsa na 1887. A 1896 kuma wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai hazaƙa, gwanin wasa, wanda ba ya jin tsoron lissafi, amma ko sunansa ba ya iya rubutawa daidai. Da yake da yawa daga masu binciken farko likitocin ido ne, sai aka riƙa kiran abin makantar kalma, aka daɗe ana zaton laifin ido ne.

Kafin a gane inda gizo yake saƙa, sai da aka gane cewa karatu ba kamar magana ba ne. Yaro yana koyon magana ba tare da an sa shi a aji ba, domin an halicci ƙwaƙwalwa da shirin yin ta. Rubutu kuwa ƙirƙira ce ta ɗan'adam wadda shekarunta ba su wuce dubu biyar da 'yan kai ba, don haka dole ƙwaƙwalwa ta ari wani sashe nata ta horar da shi. Tun a 1892 likitan Faransa Jules Déjerine ya bayyana wani mutum da bayan ciwon shanyewar jiki ya kasa karatu, alhali yana gani, yana magana, har yana rubutu, sai dai ba ya iya karanta abin da ya rubuta da hannunsa. Bayan rasuwarsa aka tarar da lahanin a bayan ƙwaƙwalwa ta ɓangaren hagu. A 2000 Laurent Cohen da Stanislas Dehaene suka yi amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suka nuna wani ɗan wuri a wannan yanki da yake gane siffar kalmomi. A 2010 kuma binciken da Dehaene ya jagoranta a Birazil da Fotugal ya nuna cewa koyon karatu ne yake horar da wurin, ko da mutum ya koya ne bayan ya girma.

Daga nan na fahimci dalilin da ya sa yara suke rikita "b" da "d". Buta, ko bakinta ya dubi gabas ko ya dubi yamma, buta ce, haka ido ya saba gani tun daga goyo. Sai an zo ga baƙaƙe ne ake ce wa yaro juyawar tana sauya suna. Kusan kowane yaro yana yin wannan kuskure da farko, saboda haka ba shi ne tushen matsalar ba.

Tushen yana wajen sauti. Idan na ce "bara", kunne yana jin abu guda ne a dunƙule, amma mai karatu dole ya san cewa a ciki akwai ƙwayoyin sauti huɗu a jere, kowanne da harafinsa. Wannan sani ba ya zuwa da kansa. A 1979 José Morais da abokan aikinsa suka gwada manya a Fotugal waɗanda ba su yi karatu ba, suka ce su cire sautin farko daga kalma, yawancinsu suka kasa, alhali takwarorinsu da suka yi yaƙi da jahilci sun fi su iyawa nesa ba kusa ba. A 1983 Lynette Bradley da Peter Bryant na Jami'ar Okusfod suka buga sakamakon bin diddigin yara kimanin 400 tun suna shekara huɗu da biyar. Waɗanda suka fi gane kalmomi masu amo ɗaya tun kafin su fara karatu, su ne suka fi iya karatu daga baya, kuma cikin masu rauni, waɗanda aka horar da sauti haɗe da haruffan roba da suke taɓawa da hannu su suka fi samun ci gaba. Mai disleksiya kunnensa lafiya lau, idonsa lafiya lau, hankalinsa garau. Abin da yake ba shi wuya shi ne tsinka kalma zuwa sautukanta da ɗaura kowane sauti a kan harafinsa da sauri. Abin yana bin jini a dangi, kuma binciken Sally Shaywitz na 1990 a Amurka ya nuna cewa 'yan mata ma suna da shi sosai, sai dai malamai sun fi lura da maza.

Harshen da yaro yake karantawa shi ma yana da tasiri. A 2001 Eraldo Paulesu da abokansa suka kwatanta masu disleksiya daga Ingila da Faransa da Italiya. 'Yan Italiya sun fi sauran karantawa daidai, domin rubutunsu yana bin furuci sau da ƙafa, amma hoton ƙwaƙwalwa ya nuna rauni iri ɗaya a wuri ɗaya a dukkansu. To, a nan mu Hausawa mun yi dace, domin bokonmu ya fi kusa da na Italiya a kan na Ingilishi, wanda harafi ɗaya kan ba da sauti uku ko huɗu. Sai dai muna da namu tarkon. Ba ma nuna karin sauti, ba ma nuna tsawon wasali. "Wuya" na jiki da "wuya" ta wahala rubutunsu ɗaya, haka "gari" na zama da "gari" na tuwo, haka "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye. Gwani yana warware su daga jimla ba tare da ya sani ba. Yaron da ƙarfinsa ya ƙare wajen haɗa baƙi da wasali kuwa, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Sannan mu da kanmu mu zo mu ƙara masa kaya, mu buga littafi ba ƙugiya, "ɓata" ya koma "bata", "ƙasa" ta koma "kasa", mu ce ai mai karatu zai gane.

'Yata ba magani aka ba ta ba, domin abin ba ciwo ba ne da ake sha wa ƙwaya. Kullum da yamma mukan yi minti ashirin, ba ƙari. Mukan tafa hannu a kan gaɓoɓin kalma, mu jera tsakuwa ɗaya ga kowane sauti, ta rubuta harafi da yatsa a faranti mai yashi tana furta shi. Na lura cewa malaman allo da suke bi da yaro daga babbaƙu zuwa farfaru zuwa tattashiya sun daɗe da sanin amfanin tafiya daki-daki. Yau tana karanta littafi da kanta. Tana yi a hankali, kuma har yanzu rubutunta yana da kurakurai, amma ba ta ɓoye littafi a ƙarƙashin katifa kamar da.

Auta kuwa yanzu yana da garejinsa da yara masu koyon aiki a ƙarƙashinsa. Na same shi wata Asabar a ƙarƙashin wata motar haya, na tsuguna na yi masa bayanin duk abin da na karanta, na ce ya yafe mini. Ya fito yana goge hannu da tsumma, ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ai ya wuce." Can kuma sai ya ce, "Ashe dai abin yana da suna." Daga baya matarsa ta gaya wa maiɗakina cewa littattafaina duka yana da su a cikin akwati, ita take karanta masa da dare, kuma ya hana ta faɗa mini.

Mu marubuta mun iya kukan cewa mutanenmu ba sa karatu. Kafin mu sake yin wannan kuka a taro na gaba, ina roƙon mu tuna da waɗanda suka zo bakin ƙofa da niyyarsu aka kore su da bulala. Mu rubuta ƙananan littattafai masu gajerun jimloli da manyan haruffa, waɗanda babba ba zai ji kunyar riƙewa ba. Mu tsaya a kan mai buga mana aiki sai ya sa ƙugiya a inda take. Mu karanta ayyukanmu da murya, a rediyo ko a waya, domin wanda kunne ne ƙofarsa. Wanda kuma yake koyarwa a cikinmu, idan ya ga yaro mai wayo a baki yana tuntuɓe a takarda, ya ajiye tsumagiya ya tambaye shi sautin farko na sunansa.

Wannan rubutu ma na yi alkawarin ni zan je in karanta wa Auta da bakina, ranar Asabar, bayan ya sallami yaran gareji.